Cutar Noma da Yaran Bakin Tafkin Kainji: Inda Bincike Ya Kai, da Inda Ya Tsaya

A ranar 15 ga Disamba, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar Noma cikin jerin cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, ta zama ta 21. Nijeriya ce ta ja gaba wajen neman hakan, ita ta miƙa takardar a Janairun shekarar a madadin ƙasashe 32. Cikin binciken da ya fi ɗaga muryar wannan cuta a shekaru goman nan kuwa, akwai wanda aka yi a kan yaran Sakkwato da Kebbi. Saboda haka in ana zancen sabon binciken likitoci kan lafiyar baki da haƙori a Arewa maso Yamma, wannan shi ne wanda ya fi kusa da ƙofar gidan mutumin Yauri da Ngaski da Shanga, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Cutar tana farawa ne daga dasashi. Ya kumbura, ya riƙa zubar da jini, bakin yaro ya ɗauki wari, yawu ya yi ta dalala. Sai kunci ya tashi ya yi tauri. Daga nan ba a ɗaukar lokaci: cikin 'yan kwanaki naman ya mutu ya yi baƙi, ya zube, ya bar rami a kumatu ko leɓe ko hanci, wani lokaci har ƙashin muƙamuƙi ya bayyana. Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6, wato daga yaye zuwa lokacin famfara, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Ƙiyasin Hukumar Lafiya na 1998, wanda har yau shi ake ta maimaitawa, ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma na iya mutuwa in ba a yi magani ba. Wanda ya rayu yakan tashi da ƙagaggen baki, cin abinci da magana su zame masa aiki, ga kallon mutane. Abin takaicin shi ne, a matakin dasashi da farkon kumburi, maganin ba na a-zo-a-gani ba ne: amoksisilin da metronidazol, wanda aka fi sani da filajil, da wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki. Duk akwai su a ƙaramin asibitin ƙauye in an yi sa'a.

Shekaru da yawa abin da aka sani game da cutar a wannan yanki daga ɗakin tiyata ya fito. Likitocin gyaran fuska daga Jamus da Holan sun fara zuwa Sakkwato a tsakiyar shekarun 1990, sannan aka buɗe Asibitin Yara Masu Cutar Noma a 1999. A 2003 wasu daga cikinsu suka fitar da ƙiyasin cewa yara 6.4 cikin kowane 1,000 na kamuwa a yankin, kuma ba ƙirga yara suka yi gida-gida ba. Sun gwada yawan masu Noma da ke zuwa asibiti ne da yawan masu tsagaggen leɓe na haihuwa, suka yi lissafi. Daga baya Adeniyi da Awosan suka bi fayilolin asibitin na 1999 zuwa 2011, suka tarar kusan rabin yaran da aka kawo da ɗanyen ciwo ba su daɗe da yin ƙyanda ba, da yawa kuma suna fama da tamowa. Aiki ne mai amfani. Amma fayil ɗin asibiti kamar taru ne mai manyan idanu: babban kifi kawai yake riƙewa. Wanda ke cikinsa shi ne yaron da ya tsira da rai, iyayensa suka ji labarin asibitin, suka sami kuɗin mota. Wanda aka binne a tunga cikin mako biyu ba ya shiga lissafin kowa.

Sauyin ya fara ne bayan 2014, lokacin da ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, MSF, ta shiga tallafa wa asibitin tare da Ma'aikatar Lafiya. Ƙungiyar ta zo da al'adar tara bayanai da fita ƙauyuka neman marasa lafiya, sai tambayar ta tashi daga yadda za a ɗinke fuska zuwa abin da ya sa wannan yaro ya kamu, ɗan maƙwabcinsa bai kamu ba. A 2017 Elise Farley da abokan aikinta suka gwada yara 74 masu cutar daga Sakkwato da Kebbi da yara 222 sa'o'insu na ƙauyukansu da ba su da ita. Abubuwan da suka fito fili ba na asibiti ba ne, na tsakar gida ne. Yaron da koko ne abincinsa kullum ya fi shiga haɗari. Wanda aka bai wa dakashi, ruwan nonon farko da wasu iyaye ke matsewa su zubar, ya fi samun kariya, haka ma wanda uwarsa ce ke renonsa da kanta, da wanda mai renonsa ke da aure.

Sai an yi hattara da wannan sakamako. Koko ba guba ba ne, kuma babu Bahaushen da zai yarda a ce masa haka. Abin da adadin ke nunawa shi ne gidan da babu komai sai koko, ba wake, ba ƙuli-ƙuli, ba kifi, ba ƙwai. Zancen aure ma ba hukunci ba ne a kan zawarawa. Hoton yaron da aka yaye aka kai wa kaka ne, ko wanda mutuwar aure ta bari a hannun da ba shi da abin ba shi. Binciken da masana daga Janeba suka yi a Damagaram tsakanin 2001 da 2006, a kan yara 82 masu cutar da 327 marasa ita, ya faɗa kusan wuri ɗaya: tsumburewa, rama, zazzaɓi ko gudawa ko ciwon ƙirji a watanni ukun da suka wuce, da uwa mai yawan haihuwa. Ƙasa biyu, masu bincike daban, amsa ɗaya.

A ƙarshen 2018 aka yi abin da ba a saba yi ba: aka shiga gidaje a Sakkwato da Kebbi aka buɗe bakin yara 7,122 'yan shekara 15 zuwa ƙasa. An sami 181 masu kumburin dasashi, 10 da dasashinsu ya fara ruɓewa, 3 da kuncinsu ya riga ya tashi. Ba a sami ko ɗaya mai ramin fuska ba. Wannan binciken ya sha mummunar fassara ta fuska biyu. Wasu sun haɗa adadin duka suka yi ta cewa yara uku cikin ɗari na da Noma, alhali mafi yawansu kumburin dasashi ne da kan warke ba tare da ya zama komai ba. Wasu kuma suka ce tunda ba a ga mai rami ba, ashe cutar ba ta da yawa. Su ma sun yi kuskure, domin ciwon da ke kashewa cikin makonni ba ya jiran mai bincike ya iso. A ganina darajar aikin tana wani wuri: ya nuna cewa ma'aikacin lafiya da aka ba horo, da tocila a hannunsa, zai iya tsintar yaron tun cutar tana inda filajil ke iya kashe ta. Yaran nan 13 su ne labarin.

Ta ɓangaren ƙwayoyin cuta, har yanzu ba a kama ɓarawo ɗaya ba. Farfesa Cyril Enwonwu da abokansa sun daɗe suna zargin Fusobacterium necrophorum, wadda ake samu a jikin dabbobi. Binciken Damagaram bai goyi bayan hakan ba, ya fi nuna rikicewar ƙwayoyin da ke zaune a baki tun asali. A 2025 masu bincike daga Libaful ta Ingila tare da asibitin Sakkwato suka ba da rahoton wani nau'in Treponema da ba a san shi ba a bakin yara masu ɗanyen ciwon. Yaran ba su kai ashirin ba, don haka zargi ne, ba hukunci ba. Ko ya tabbata, ba zai canza abin da uwa a Wara ta Ngaski ke bukata a daren yau ba.

To ina Masarautar Yauri a cikin wannan? Sakamakon 2018 na jihohin biyu ne a dunƙule, ba a tsara shi don ya faɗi halin ƙaramar hukuma ɗaya ba. Amma abubuwan da bincike ya ce su ke share wa cutar hanya, Kebbi ta tara su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran jihar 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma 252 cikin kowane 1,000 na mutuwa kafin cika biyar. A duka biyun Kebbi ce kan gaba a Nijeriya. A binciken zazzaɓin cizon sauro na 2021 ma ita ce ta ɗaya, da kashi 49. Ba banza ba MSF ta buɗe sashen kwantar da yara masu tamowa a Maiyama a 2022.

Bakin ruwa kuma yana da nasa ƙarin. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 aka tashi mutane kimanin 44,000, Gungawa da Kambari da sauransu suka bazu a sababbin matsugunai da tsibirai da tungayen masunta, inda hanyar asibiti ke farawa da kwale-kwale. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, inda aka yi fargabar rasa fiye da mutum 150. Makonni uku bayan haka 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Duk inda tsoro ya shiga, mai allurar ƙyanda ne ke fara daina zuwa. Sannan daga Yelwa zuwa Sakkwato, ta Koko da Jega da Tambuwal, tafiya ce ta fiye da kilomita 250. Magani a asibitin Noma kyauta ne, amma mota ba kyauta ba ce, kuma uban da zai bar koma ko gonar albasa na makonni sai ya yi lissafi.

Wani zai ce ai masu zama a bakin tafki ba sa rasa kifi, ta yaya tamowa za ta kama 'ya'yansu? Kifin masunci kuɗi ne kafin ya zama abinci. Mai kyau ana banda shi a kai kasuwar Yauri, wanda ya rage babba ne ke fara sa hannu, yayayye kuma ana hana shi don tsoron ƙaya. Dakakken busasshen kifi cokali ɗaya a cikin kunun yaro ya fi kusa da maganin wannan cuta fiye da duk wata na'ura da za a sayo.

Akwai kuma tambayar wa ke fara ganin bakin yaron. Ba likitan haƙori ba ne. Su kaɗan ne, kuma a Birnin Kebbi da Sakkwato suka fi taruwa. Mai kemis ne, ko wanzami, ko ungozoma, ko mai maganin gargajiya. Hirarrakin da Farley da abokanta suka yi da iyaye da masu magani a Sakkwato sun nuna cutar ba ta da suna ɗaya: wani ya ce ɗanhurawa, wani ciwon daji, wani ya danganta ta da iska, kuma kowane suna da ƙofar da yake kai mutum. Sun kuma tarar masu maganin ba su ƙi tura yaro asibiti ba in sun san abin da za su duba da inda za su tura. Wannan, a wurina, ya fi duk sauran sakamakon saurin amfani, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa.

Ba a rasa riba daga wannan guguwar bincike ba. Tun 2017 Nijeriya ke da Ranar Noma ta Ƙasa, 20 ga Nuwamba. An yi shirin yaƙi da cutar na 2019 zuwa 2023. An buɗe wata cibiya a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja a ƙarshen 2023. Likitocin MSF sun yi tiyata fiye da 1,200 a Sakkwato zuwa 2023. Waɗanda suka tsira ma sun sami baki: Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa aiki a Sakkwato ta kuma zama ma'aikaciyar asibitin, da Fidel Strub ɗan asalin Burkina Faso sun kafa ƙungiyar Elysium, mujallar Time ta sa su cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Sai dai kusan duk wannan riba a birni ta sauka, kuma a ƙarshen ciwon. Hoton fuska kafin aiki da bayan aiki yana jawo kuɗin masu taimako. Dasashin da aka warkar da ƙwayoyi na kwana goma ba shi da hoto. Ga shi kuma shigar cutar cikin jerin Hukumar Lafiya ta zo daf da lokacin da Amurka ta zaftare tallafin lafiya na ƙasashen waje a 2025, don haka mai jiran sabon shiri na musamman daga waje zai daɗe a tsaye.

Abin da ya rage shi ne a hau kan abin da ke tafiya. Kowace damina masu raba maganin rigakafin zazzaɓi suna bin gidajen Kebbi wata-wata don yara 'yan wata 3 zuwa 59, kusan shekarun da Noma ke kamawa. Akwai masu allurar ƙyanda, akwai masu awon damtse don tamowa. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Kebbi ta ƙara musu abu ɗaya: a buɗe bakin yaro a duba, a rubuta, wanda dasashinsa ke jini da wari a kai shi asibiti a ranar. Ya kamata kuma masarauta, wadda ke ƙarƙashin tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ta tara sarakunan wanzamai da sarakunan ruwa da masu kemis na Yauri da Ngaski da Shanga a nuna musu hotunan matakan farko. Masu bincike na Sakkwato da Birnin Kebbi kuma, in za su sake fita ƙirga, su sa kuɗin kwale-kwale a cikin kasafinsu.