Yaƙi da shan-inna: yabo ya isa Legas, bai shigo unguwa ba

Ranar 25 ga watan Agusta 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa ƙwayar shan-inna ta asali ta ƙare a nahiyar Afirka. Wata guda bayan haka, mujallar Time ta Amurka ta saka sunan wani likitan zuciya na Legas, Dokta Tunji Funsho, cikin mutane 100 da suka fi tasiri a duniya a wannan shekara. Ba minista ba ne, ba gwamna ba. Ɗan ƙungiyar Rotary ne, wanda tun 2013 ya shugabanci kwamitin ƙungiyar na yaƙi da shan-inna a Najeriya, aikin sa-kai.

Da yawa daga cikinmu ƴan kasuwa mun san tambarin Rotary, wannan ƙafar keke mai haƙora da ake gani a alluna a Yamai, amma ba mu san aikinta ba. Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa ta a Chicago a 1905, tare da abokansa masu sana'a. A 1985 ta ɗauki alkawarin kawar da shan-inna daga duniya. A 1988, lokacin da OMS da Unicef suka haɗa hannu da ita, cutar tana shanye ƙafafun yara kusan 350.000 a kowace shekara cikin ƙasashe 125. Daga ranar alkawari zuwa ranar bishara a Afirka, shekara 35 ke nan. Duk wadda ta taɓa riƙe adashe ta san ɗaukar alkawari ba wuya, zubin kowane mako shi ne aiki.

Ƙungiyar tana da tata hanyar karrama mutanenta. Wanda ya ba asusunta dala 1.000 (dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba, kuɗin sun haura jikka 500) ana ba shi lamba mai sunan Paul Harris. Wasu na cewa ai sayen lamba ne. Mu dai mun ga inda kuɗin suka tafi: abin da ƙungiyar ta zuba cikin wannan yaƙi ya wuce dala miliyar 2.

Mu nan kudu ba a labari muka ji wannan aiki ba. A 2003 jihar Kano ta dakatar da allurar bisa jita-jitar cewa ɗigon yana hana haihuwa, ba ta koma ba sai Yulin 2004. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan. Hanyar da muke bi da albasa da wake daga Maraɗi zuwa Jibiya da Katsina, ko daga Damagaram zuwa Daura, ita ta biyo, ta bazu har Yaman da Indonesiya. Sai da sarakuna da malamai suka fito suka ɗiga wa ƴaƴansu a gaban jama'a kafin hankali ya kwanta. A 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa kaka-gida.

To, wa ya yi tafiyar? Matan nan ne masu rataye da akwatin sanyi, suna sallama gida gida cikin zafin bazara, su ɗiga ɗigo biyu a bakin yaro, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su rubuta da alli a ƙofa. An zage su, an rufe musu ƙofa. A Kano, cikin Fabrairun 2013, ƴan bindiga suka harbe tara daga cikin masu wannan aiki. Ba mu hana Dokta Funsho yabonsa ba, ya cancanta. Amma a ganinmu, magadan gari da sarakunan kasuwa za su iya kiran waɗannan mata ranar kasuwa, a faɗi sunayensu a lasifika, a ba kowacce turmin atamfa da takardar shaida. Bai kai kuɗin rumfar biki guda ba.

Kuma ba a sauke kaya ba tukuna. Har zuwa 2024 ƙwayar asali tana kama yara a Pakistan da Afganistan, shi ya sa ba a daina ɗiga wa ƴan ƙasa da shekara 5 ba. In suka ratso ta gaban rumfa, a kwance goyo.