Ƙarfen Kofin Mai Dabo

Kowa ya san 'yan dabo. Ranar kasuwa su kan tara mutane, su nuna abin mamaki, a ba su kuɗi. A ƙasashen Turai da Misira da Indiya ma akwai su. Cikin wasanninsu akwai wani tsoho ƙwarai, shi ne wasan kofi uku da ƙwallo. Tun zamanin Rumawa a ke yinsa. Wani malaminsu mai suna Seneka, wanda ya mutu a shekara ta 65 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ambace shi cikin wata wasiƙa tasa.

Ga yadda wasan ya ke. Mai dabo ya kife kofi uku a kan tebur. Ya nuna wa mutane 'yan ƙananan ƙwallaye uku. Ya sa ɗaya ƙarƙashin wannan kofi, sai a buɗe a gan shi ƙarƙashin wancan. Can ƙarshe ya ɗaga kofi, sai ga lemo babba. A Fot Sa'id ta Misira, a zamanin da jiragen ruwa ke ɗaukar matafiya, 'yan dabon wurin 'yan tsaki masu rai su ke fitarwa.

Ba aljani a ciki, ba tsafi. Mutane suna ganin ƙwallo uku, amma huɗu ne. Na huɗun yana ɓoye, wani lokaci cikin tafin hannu, wani lokaci cikin kofi. Sauran duk saurin hannu ne, da ɗauke hankalin mai kallo.

To, me ya kawo zancen ƙarfe? Bari mu duba mai dabon titi. A birnin Landan na Ingila akwai wani dandali da a ke kira Kobent Gadin, inda 'yan wasa su ke tsayawa a fili. Ba mai biyan kuɗin shiga. Sai an gama wasa mai dabo ya miƙa hularsa, wanda ya ji daɗi ya jefa abin da ya samu. In kofi ya faɗi, ƙwallo na huɗu ya mirgino gaban jama'a, asiri ya tonu ke nan. Mutane su yi dariya su watse, hula ta koma wofi. Sabo da haka ba ya sayen kofi da ka. Kamar yadda manomi ke duba ruwan fartanya kafin ya biya, haka shi ma ya ke duba ƙarfen kofinsa.

Abu na fari da ya ke dubawa shi ne nauyi. A cikin ɗaki ba iska. A titi kuwa akwai iska, tebur yana rawa, yara suna turereniya. Kofi mara nauyi ba ya zama a wuri ɗaya. Sanholo, watau goran ruwa, irin wanda a ke yin tukunya da shi, yana da araha, kuma ba ya tsatsa. Amma sakayau ya ke. Mu yi ɗan lissafi. In kofin sanholo ya yi giram 100, kofin jan ƙarfe mai girmansa da kaurinsa zai kai wajen giram 330. Kun ga ya ninka shi uku har da ɗori. Kofi mai nauyi in an kife shi sai ya zauna daram. Hannu kuma yana jinsa sosai, ba sai ido ya duba ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama idon mai dabo a kan mutane ya ke, ba a kan tebur ba.

Na biyu shi ne ƙyalli. A nan ne masu koyo su kan yi kuskure. Su ga kofi fari fat yana walƙiya, su ce wannan ya fi kyau. Amma kofin da ya cika ƙyalli madubi ne. Mai dabo ya ɓoye ƙwallo cikin yatsunsa, ya kai hannu kusa da kofi, sai jikin kofin ya nuna cikin tafinsa ga wanda ke tsaye a gefe. A titi kuwa mutane ta ko'ina su ke kewaye shi. Ga kuma rana tana dukan kofin, tana kashe wa 'yan kallo ido. Jan ƙarfe ba haka ya ke ba. Yana sabo ya kan yi haske, amma iska da gumin hannu su kan mai da shi ƙasa-ƙasa, kamar tsohon kwabo. Da yawa cikin 'yan dabon titi ba su goge wannan duhun. Da gangan su ke barinsa.

Akwai kuma ƙara. Mai dabo yana da ɗan sanda, ya kan ƙwanƙwasa kofi da shi. Ƙarar tana kiran masu wucewa, tana kuma nuna musu kofin ƙarfe ne sosai, ba wata dabara a jikinsa. Tagulla ta fi jan ƙarfe zaƙin murya, shi ya sa a ke yin ƙararrawa da irinta. In mun ce tagulla a nan, muna nufin mai ruwan ɗorawa, irin wadda maƙeran Bida su ke yin tasa da buta da ita. Haɗi ce, wajen kashi biyu jan ƙarfe, kashi ɗaya tutiya, watau ƙarfen da a ke shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Amma akwai ƙarar da mai dabo ba ya so ko kaɗan. Ita ce ta ɓoyayyen ƙwallo in ya bugi cikin kofi. Don haka a ke yin ƙwallayen da abu mai taushi, a saƙa musu riga ta zare.

Jan ƙarfe ma yana da aibinsa. Taushi gare shi. In ya faɗi a kan daɓe ya kan lotsa. Lotsawa a gefe ba kome. Amma in baki ya karkace, kofunan ba su shiga juna daidai, alhali wasan yana bukatar a ɗora su bisa juna, da ɗan fili a tsakani inda ƙwallo zai ɓuya. Tagulla ta fi shi tauri, nauyinsu kuwa kusan ɗaya ne. Shi ya sa wanda kofinsa ke yawan faɗuwa ya kan zaɓe ta. Dukansu biyu suna barin wari a hannu. In an ajiye su cikin laima su kan yi wani koren datti. Wannan koren ba shi da kyau ga ciki, kada a sha ruwa da irin wannan kofi. Lemon tsami da gishiri suna fitar da shi.

Sauran ƙarafa ba sai mun daɗe a kansu ba. Baƙin ƙarfe yana tsatsa da ruwan sama da gumi. Akwai irinsa mara tsatsa, wanda a ke yin cokali da shi. Yana da tauri ƙwarai, sai dai a nemi wanda ba a goge shi ya zama madubi ba. Azurfa ta fi jan ƙarfe nauyi, tana da kyau, amma wa zai ajiye azurfa a kan tebur a tsakiyar titi ya juya baya? Dalma kuwa guba ce, ga ta da taushi, ba a yin kofi da ita.

Saura abu ɗaya. Cikin shekarun 1950 wani mai dabo a Amurka, Al Wheatley, ya fito da wasan kofi ɗaya. An ɓoye maganaɗisu, watau mayen ƙarfe, a gindin kofin, ƙwallon kuma akwai abin da maye ke kamawa a cikinsa. In an kife kofi a hankali ƙwallo ya maƙale a sama, a ɗaga a ga ba kome. In an ajiye shi da ɗan ƙarfi sai ƙwallo ya faɗo. Irin wannan kofi da jan ƙarfe ko tagulla ko sanholo a kan yi shi, domin maye ba ya kama su. In da na baƙin ƙarfe ne, jikin kofin zai janye ƙarfin mayen, dabarar ta ɓaci.

Wannan ku ma kuna iya gwadawa. Wani lokaci a kan shafa wa baƙin ƙarfe ruwan tagulla a sayar da tsada. Ku riƙe ɗan mayen ƙarfe in za ku kasuwa, ku kanga shi a jikin tasa ko munduwa. In ya maƙale, akwai baƙin ƙarfe a ciki.