Sauya Gida: Kada Ka Ba Da Kafin Alƙalami Alhali Ba Ka Da Mai Saye

Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, wata shawara ta zama ruwan dare a majalisun Kano, Kaduna da Abuja: mai son sauya gida ya fara kama sabon kafin ya saki tsohon, domin kuɗi narkewa suke yi, gida kuwa kullum hawa yake. Masu faɗin haka ba su rasa hujja ba. Dalar da kafin nan gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a 2024, buhun siminti ya wuce naira dubu 10 a farkon shekarar, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa kuma ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba. Sai dai shawarar tana tsaye ne a kan wani zato da ba a cika tsayawa a bincika ba, wato cewa kuɗin tsohon gidan suna nan ajiye, ranar da aka so za a ɗauko.

Nan ne kuskuren yake. Idan dillali ya zagaya gida, ya leƙa ɗakuna, ya ce wannan ai zai yi miliyan 30, abin da ya bayar ƙiyasi ne, ba tayi ba. Tayin ma ba ciniki ba ne sai an ce an sallama, sallamar kuma ba kuɗi ba ce sai sun shiga asusu. Tsakanin waɗannan matakai ana iya cinye watanni. Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami a sabon gida, aka yanka masa wata uku ya cika, ya ɗaura wa kansa wa'adi, kuma labarin ba ya ɓuya, domin sau da yawa dillalan da suka nemo masa sabon su ne ke tallar tsohon. Ya zama mai kwandon tumatir a kasuwar Yankaba da la'asar sakaliya: kowa ya san kayan ba za su kwana ba, don haka mai saye ne ke yanka farashi. Mutumin da a watan farko yake cewa albarka idan an taya miliyan 28, a wata na uku shi ne zai aika a kira wanda ya taya 24. Daga cikin abin da ya samu kuma akwai la'adar dillalai.

Abin da ya fi jinkirta ciniki ba rashin mai kuɗi ba ne, takardu ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya ce mai takardar mallakar gwamnati ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamnan. Kotun Ƙoli ta nuna wannan ba wasa ba ne a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda ta rushe jinginar da aka ƙulla ba tare da amincewar ba. Mai saye mai hankali zai je ofishin rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, ko KADGIS a Kaduna, ko AGIS a Abuja, ya duba ko sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ko ana bin gidan kuɗin ƙasa. Tun rusau ɗin Kano na 2023 da soke dubban takardun filaye a Abuja a 2025 saboda bashin kuɗin ƙasa, masu saye sun ƙara taka-tsantsan. Idan gidan awon igiya ne, shaidarsa takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, masu iya sayensa sun ragu, don banki ba ya karɓar irinta. Idan kuwa na gado ne da ba a raba ba, sai an haɗa kan magada, kuma wanda ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa na da haƙƙin shufu'a a fiƙihun Malikiyya, ya biya kuɗin ya karɓe.

Wani zai ce ai sai a ci bashi a cike giɓin kafin tsohon ya tafi. A ƙasar da Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bashin bankin kasuwanci ya fi haka tsada. Miliyan 20 a kan kashi 30 na haifar da ruwan miliyan 3 cikin wata shida, ban da cewa da yawan masu karatun nan ba za su taɓa bashin ruwa ba. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana ba masu zuba kashi 2.5 na albashinsu rance a kan kashi 6, amma ba a tsara shi don mai gaggawar wata uku ba. Bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz, su ma sai sun ga takarda mai kyau. Abin da ya rage shi ne bashin 'yan'uwa, wanda ya sha raba zumunci.

Wani kuma zai ce idan abin ya gagara sai a karɓo kafin alƙalamin. Gaskiya ne malaman Malikiyya ba su yarda mai kaya ya cinye kuɗin don ciniki ya fasa ba. Amma samun haƙƙi daban, karɓarsa daban. Mai gidan ya riga ya zuba kuɗin a nasa ginin, amsarsa ita ce a yi haƙuri sai an sami wani mai saye. Ko da sun dawo bayan shekara, ba da ƙarfinsu na da za su dawo ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta narkewar kuɗi, kuma ba za a yi watsi da ita ba. Da hauhawar farashi irin ta ƙarshen 2024, miliyan 30 da suka yi wata shida a asusu sun rasa ƙarfin sayen kusan miliyan 4. Ga kuɗin hayar shekara da ake biya gaba ɗaya, ga kwashe iyali sau biyu, ga masu zuwa da buƙatu da zarar an ji ka sayar da gida. Amma wannan asara tsawon jira ne ke haifar da ita, kuma jiran a hannun mai kuɗin yake, yana iya taƙaita shi zuwa mako biyu. Mai kuɗi a hannu shi ake yi wa ragi a sabon gidan. Wanda ya fara saye kuwa, tsawon jiransa a hannun wani yake, wanda bai ma san ko wane ne ba tukuna.

Saboda haka tsarin da ya fi aminci shi ne a fara da takardun tsohon gida: a biya kuɗin ƙasa, a gyara suna, a sasanta magada. Sannan a sa shi kasuwa ana neman sabo lokaci guda, a ware gidaje biyu ko uku, a bincika nasu takardun, amma kada a ba da ko sisi. Idan mai saye ya zo, a rubuta wa'adin tashi na wata biyu ko uku a takardar ciniki, gaban shaidu da lauya, ko da za a ɗan rage masa farashi. Kuɗi na shigowa, a biya sabon. Wanda zai iya sayen sabon da kuɗinsa ba tare da ya dogara da tsohon ba, wannan magana ba ta shafe shi ba, yana ma iya zuba 'yan haya ya jira tayin da ya yi masa.

Akwai rabon hukuma a wannan wahala. Da amincewar gwamna na fitowa cikin kwanaki sanannu a kan kuɗi sanannu, da giɓin da ke tsakanin cinikin biyu ya ragu, mutane kuma da sun daina gudun rajista suna fakewa da takardar mai unguwa. Kafin a kai ga haka, mai gida ɗaya tilo ya riƙa lissafi da abin da ya shiga asusunsa, ba da abin da dillali ya faɗa a ƙofar gida ba.