Cocin Wusasa: Ginin ƙasa da magina Hausawa suka ɗaga tun 1929

Duk wanda ya taso a Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, ya san tsohon soron hakimi mai kaurin bango da sanyi a tsakiyar bazara. Idan aka kai shi cocin St. Bartholomew da ke Wusasa, a gefen birnin Zariya, zai gane hannun da ya yi aikin, domin da tubali da azara aka gina shi, irin ginin Hausawa na gargajiya.

Cocin na mabiya ɗarikar Angilika ne, kuma yana cikin tsofaffin majami'un da suka rage a ƙasar Hausa.

Yadda aka kai ga Wusasa

A 1900 ayarin 'yan mishan na ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ya isa Kano, amma Sarki Alu ya umarce su da su bar garin. Cikin ayarin akwai Dokta Walter Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Zaman mishan a cikin ganuwa bai yi wa masarauta da Turawan mulki daɗi ba. A 1929 aka mayar da su Wusasa, inda aka gina coci da makaranta da asibiti. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya jagoranta.

Sirrin ginin

A Ingila, tsofaffin cocin unguwa da dutse ake gina su, da doguwar hasumiya. A Wusasa kuwa, abin da ke ƙasa aka ɗauka aka yi aiki da shi.

Matsalar ita ce rufi. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cin ta, amma ba ta haye fili mai faɗi sosai. To ta yaya za a rufe zauren da zai ɗauki jama'a da yawa? Magina sun daɗe da samun amsa: bakan gizo. Ana jera azara daki-daki daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama.

Wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya nuna a Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, kusan shekara ɗari kafin cocin. Ke nan masallaci da coci sun sha daga rijiya ɗaya.

Mutanen da suka fito daga nan

A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya taso. Daga wannan al'umma aka samu Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da ke cikin haɗari

Ginin ƙasa yana son kulawa. Sai an yi masa yaɓe kafin damina, an gyara indararo, an toshe tsaga. Idan aka yi sakaci shekara biyu ko uku, ruwa zai shiga rufi, azara ta ruɓe.

Yau bulo da kwano sun mamaye garuruwanmu, tsofaffin magina suna ƙarewa, 'ya'yansu kuma sun kama wasu sana'o'in. Ranar da aka rasa mai iya ɗaura bakan gizo, ba cocin Wusasa kaɗai zai rasa mai gyara ba. Tsofaffin masallatai da zaurukan masarautu irin ta Kazaure su ma za su shiga layi.

Shi ya sa ya kamata masarautu da kwalejojin fasaha su nemo sauran maginan da ke raye, su haɗa su da matasa tun ƙarfinsu bai ƙare ba.