Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gane Mai Ƙarko Kafin a Biya Kuɗi

A sassan Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, mota kayan neman abinci ce. Ita ke kwaso albasa daga kwarin Tarka zuwa bakin babbar hanyar da ta ratsa Madawa tsakanin Birnin Ƙonni da Maraɗi, ita ke kai fatake Tamaske da Ibohamane ranar kasuwa, ita ce kuma ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare. Galibin motocin nan an gama cin moriyarsu a wata ƙasa kafin su iso, wasu ma sun ƙara bin hannu biyu ko uku a Yamai ko Sakkwato. Wanda ya sayar da amfanin gonarsa, ko ya tara kuɗin cin rani na shekaru, ya sayi irin wannan mota, to jarinsa kacokan ya zuba. Ƙarkon tsohuwar mota kuwa yana rataye ne a kan abu uku: kulawar da ta samu a baya, dacewarta da hanyar da za ta riƙa bi, da samuwar kayan gyaranta a kusa. Sunan kamfani da ƙyallin fenti da lambar kilomita, waɗanda suka fi ɗaukar idon mai saye, shaidu ne masu rauni ƙwarai.

Sai an san inda motocin suke fitowa za a gane dalilin wannan magana. A shekarar 2020 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka. Binciken da hukumomin Holan suka yi kan motocin da ke barin ƙasarsu ya gano cewa yawancinsu shekarunsu 16 zuwa 20 ne, kuma da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi. Motocin Nijar sun saba sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, su shigo ta Gaya. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da dama suka koma bi ta Lome. Motar da ta yi rayuwarta a ƙasar sanyi ta sha gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa ta ƙasa yake cin ƙarfe, inda ido ba ya kaiwa. Daga cikin masu zuwa daga Amurka akwai waɗanda aka yi gwanjonsu bayan haɗari ko ambaliya, aka daddaɓe su, aka fesa musu fenti.

Lambar kilomita ita ce shaidar da ta fi sauƙin saye. Wani nazari da Majalisar Tarayyar Turai ta duba a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na motocin hannu da ake tsallakawa da su daga wata ƙasar Turai zuwa wata an mayar da lambarsu baya. Beljiyam ta shawo kan matsalar a cikin gida tun 2006, da dokar da ta tilasta rubuta lambar mota duk lokacin da ta shiga garaji, amma wannan tsaro ba ya biyo motar zuwa Afirka. Idan haka abin yake a inda ake ajiye takardu, ina ga motar da ta ƙetare teku ta ratsa hannun dillalai? Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana tushen matsalar tun 1970: mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka marar kyau kan fake a bayan mai kyau. Jikin motar ya fi lambar faɗin gaskiya. Robar birki da ta kuloci da ta suɗe har ƙarfe ya bayyana, sitiyarin da ya yi santsi, kujerar direba da ta lotsa, duk suna ƙaryata lambar da ke cewa motar ba ta yi tafiya ba.

Sai kuma batun hanya, wanda masu saye suka fi sakaci da shi. Ƙasar Buza da Keita ta tsaunuka ce da fako da kwazazzabai. Da an bar kwalta sai jar ƙasa mai gargada, duwatsu masu kaifi, da koramun da ke cika da damina. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ƙura kuma ba ta yankewa. Motar da aka ƙera don shimfiɗaɗɗen titi, mai gajeren ƙasa, dutse ɗaya ya isa ya fasa mata tukunyar baƙin mai. Don haka tambayar farko ita ce wane aiki motar za ta yi. Mai jigila tsakanin Madawa da Maraɗi a kan kwalta, ƙaramar mota mai tsimin mai ta wadatar da shi. Mai shiga Garhanga ko Tabotaki da lodi, tsayin ƙasa da ƙarfin sifirin da lafiyar lagireto su ne ransa.

Binciken kansa yana da tsari, kuma da sassafe ake fara shi, inji na sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da bai kamata ba. A taɓa injin da hannu a tabbatar ba a tayar da shi ba. A buɗe murfin baƙin mai: idan aka ga kumfa mai kauri ruwan madara a ƙarƙashinsa, ana zargin ruwa na haɗuwa da mai, alamar gaskit ya ƙone. A leƙa ruwan lagireto tun kafin a tayar, domin buɗe shi da zafi ƙuna ce. Ruwa mai tsatsa ko mai maiƙo labarin sakaci yake bayarwa. A murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, a ga fitilun gargaɗi duk sun kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne don a rufe wani aibi. Daga nan wani ya tsaya a bayan salansa. Hayaƙi shuɗi na nufin inji yana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke shiga inji, baƙi kuma mai ne ba ya ƙonewa daidai.

Bayan inji sai ƙarƙashin mota. A hau da ita ramin garaji, a haska shasi da tocila, a nemi walda, lanƙwasa, da tsatsar da sukudireba ke hudawa. Inji ana sakewa, giya ana sakewa, amma shasin da ya karye aka ɗinke ba ya komawa daidai, kuma shi ke sa mota cin taya ta gefe guda. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018, kuma tsohuwar taya, ko da zanenta bai suɗe ba, fashewa take yi a zafin kwalta. Sannan a tuƙa motar tafiya mai ɗan nisa, da mutane a ciki, a hau tudu da ita, a bi gargada, ido na kan allurar zafi, kunne na sauraron giya da ƙafafu. A ƙarshe a gwada lambar shasi, wadda a yawancin motoci tun 1981 take da haruffa da lambobi 17, da abin da ke rubuce a katin mota da takardar duwan. Mota lafiyayya mai gurɓatattun takardu, a shingen jandarma tafiyarta ke ƙarewa.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a sayi Toyota kawai a huta. Gaskiya ne Hilux da Hiace da Corolla sun yi suna, kuma sun cancanci sunan. Sai dai rabin wannan suna na kayan gyara ne da bakanike: duk garin da ta tsaya akwai wanda ya san ta, akwai shagon da ke da abin da ta rasa. Haka Peugeot 504 ta yi zamaninta a ƙasar Hausa bayan buɗe kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna a 1975. Sunan kamfani yana faɗin yadda aka ƙera mota, ba ya faɗin ko mai ita ya yi shekara bai canja baƙin mai ba. Wani kuma zai ce a nemi wadda ta fi sabunta. Nan ma da sharaɗi, domin motocin baya-bayan nan kwamfuta ke sarrafa su, gano ciwonsu sai da na'urar gwaji, kuma ba sa jure gurɓataccen man kwalba na bakin hanya. Idan gyaranta sai an kai Tawa ko Maraɗi, ƙaramin ciwo ya zama zaman makonni.

Akwai kuma masu jin nauyi, suna ganin zuwa da bakanike kamar tuhumar mai mota ne, musamman in dillalin ɗan uwa ne ko maƙwabci. Wannan kunya ba ta da gurbi a ciniki. Dillali la'adarsa na fitowa ne idan ciniki ya faɗa, kuma sau da yawa shi kansa bai san tarihin motar ba. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a yankin ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ya kuma bai wa mai saye damar mayar da ita idan aka ɓoye masa. Mai gaskiya ba ya gudun bincike, ribarsa ce ma, tunda shi ke raba motarsa da marasa kyau. Wanda ya hana a duba ko ya matsa a biya yau-yau, ya riga ya ba da amsa. Sharaɗi ɗaya ne: bakaniken ya zama na mai saye, shi ya kawo shi, shi zai sallame shi.

Masu cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa suna da gaskiyarsu, don babu binciken da zai mayar da motar shekara 20 sabuwa. Amfanin bincike shi ne raba aibin da kuɗi kaɗan ke gyarawa, kamar batir da birki da taya, da aibin da ke cinye jari, kamar shasi da inji da takardu. Na farko a rage shi daga farashi, na biyu a bar motar komai arhanta. Kada kuma mai saye ya zuba duk abin da ke hannunsa. Ya rage na canja baƙin mai, matatun iska da na mai, ruwan lagireto da bel ɗin inji tun a makon farko. Wanda ya je da bakanikensa, ya duba da sassafe, ya gwada motar a irin hanyar garinsu, ya tantance takardu kafin ya ƙirga kuɗi, shi ne ya yi sayen nagari, mayar da kuɗi gida.