Na'urar Da Ke Ƙirga Motsin Hannun Likitan Tiyata

A Rogo Sabon Gari, idan za a yi wa yaro kaciya, ba kowane wanzami ake kira ba. Tsofaffi sun san wanda hannunsa ya faɗa, gama sun ga aikinsa shekara da shekaru. Amma ran da ciwo ya kai mutum asibiti a Kano ko Zariya, aka ce sai tiyata, sanin nan ya ƙare. Ɗan'uwa ya sa hannu a takarda, a tura maras lafiya ciki, sai jira.

Su ma masu koyar da likitoci abin ya daɗe yana damunsu, domin da ido babban likita yake auna ɗalibinsa, ido kuwa yana da son kai. Wajen ƙarshen shekarun 1990, Farfesa Ara Darzi da abokan aikinsa a Kwalejin Imperial ta Landan suka ƙera wata na'ura. Akan manna ƙananan ma'aunai a bayan hannuwan likita yana ɗinki a ɗakin koyo, kwamfuta kuwa tana lissafa abu uku: sau nawa hannu ya motsa, nisan yawon da ya yi, da lokacin da aikin ya ci.

Sakamakon da suka buga a 2001 ya nuna gwani ya fi kowa ƙarancin motsi. Sabon shiga yakan ɗauki allura ya ajiye, ya gyara riƙo, ya kai ya komo. Gwani in ya miƙa hannu, ya san inda za shi. A 2006 aka gwada na'urar a kan ɗinkin ido, aka sami haka. Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa cire yanar ido a Asibitin Ido na ECWA a Kano ya san ƙanƙantar wurin da hannun nan ke aiki.

Bambancin ba na wasa ba ne. A wani bincike da aka buga a 2013, a jihar Mishigan ta Amurka, likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba suka ba da bidiyon aikinsu, takwarorinsu suka ba su maki ba tare da sanin sunayensu ba. Wajen masu ƙaramin maki, kashi 14.5 cikin ɗari na majinyata suka sami matsala bayan aiki. Wajen gwanayen, kashi 5.2 ne kawai.

Sai dai na'urar ba ta san ko ɗinkin zai riƙe ba, mai gaggawa ma yana iya rage motsi ya ɓata aiki. Ba ta kuma san ko tun farko ya kamata a yanka ba. Saboda haka tilas babban likita ya duba ɗinkin da kansa kafin ya sallami ɗalibi.