Daga 'Yankuzo Zuwa Bakin Jirgi

Tambaya ɗaya ta kai ni 'Yankuzo, cikin ƙaramar hukumar Tsafe ta Zamfara: wanda Allah Ya kira Makka daga nan, ina yake hawa jirgi? Zamfara ta zama jiha tun 1996, amma shekara da shekaru Sakkwato ake kai maniyyatanta, su tashi daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Garin 'Yankuzo ya faɗo ne tsakanin wannan fili da na Malam Aminu Kano. Ta sama tazarar filayen biyu ba ta kai kilomita 400 ba, jirgi bai cika awa guda ba ya sauka. Ta ƙasa kuwa wuni ne cur.

Bayan gaisuwa da ruwan sha, aka haɗa ni da wata dattijuwa da ta sauke farali. Na same ta kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Da na tambaye ta nisan Makka, sai ta ture kwaryar gefe, ta shiga lissafi da yatsu: Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau, Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, Dange. Yatsu takwas, ba a ko hango jirgi ba.

"Ɗana, jirgin ai hutu ne," in ji ta. "An zaunar da ni, an ɗaura mini ɗamara, an kawo abinci, na yi gyangyaɗi, sai ga mu ƙasa mai tsarki. Wuyar tana nan ƙofar gida."

Gaskiyarta. Daga Sakkwato zuwa Jidda kusan awa biyar ne, ita kuwa sai da ta yi kwanaki a sansanin alhazai na Gusau tana jiran a kira sunanta, sannan bas ta ɗauke su tafiyar sama da kilomita 200. Kafin nan ma, ba a barin gari sai rana ta take, an tambayi masu shigowa ko hanya lafiya, saboda 'yan bindiga.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne rakiya. Lokacin da mijinta ya tafi Makka, mota guda aka cika, 'ya'ya da maƙwabta, har Sakkwato, don kawai su ɗaga masa hannu. Ita kuwa da bakinta ta hana. "Na ce kowa ya tsaya tasha. In je neman lada, in bar 'ya'yana a hanya?" Ta faɗi haka tana dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba.

A 2024 aka ƙaddamar da aikin babban filin jirgin sama a Gusau, zancen da samarin tasha ke yi da zumuɗi. Wani ɗan acaɓa da ke saurarenmu ya ce mata, "Inna, in kin sake komawa, daga Gusau za ki tashi, yatsa uku kacal."

Ta ce, "Allah Ya nuna mana. Kai dai ka fara kai ni Tsafe lafiya."